Yadda ake zama da Debian testing a Garwa ba tare da ta bar ka a hanya ba

Duk wanda ya tambaye ni ko Debian testing, wato reshen tsarin Linux na Debian da ake gwada sabbin manhajoji a cikinsa kafin a fitar da su, abar dogaro ce, sai na fara tambayarsa ko a kan wace na'ura zai ɗora ta. In na'urar da yake cin abinci da ita ce, wadda yake buga wa mutane takardun neman aiki ko yake riƙe lissafin shago a cikinta, to magana ta ƙare, ya sa stable, wato tabbataccen reshen da aka riga aka fitar, ya huta. In kuwa yana da ta biyu, ko ɗalibi ne mai neman sabbin kayan rubuta manhaja, ko ya sayi sabuwar kwamfuta da tsohon tsari ya ƙi gane ta, sai mu zauna mu yi magana.

Mutane suna zaton testing takan tsaya cak ne ana tsakiyar aiki, ko ta cinye wa mutum fayiloli. Ni dai ba haka na san ta ba. Na'urar da ta yi aiki lafiya jiya, yau ma lafiya za ta yi muddin ba ka taɓa komai ba. Kusan duk ɓarnar a lokacin sabuntawa take zuwa, kuma kai ne kake zaɓar wannan lokacin, kai ne kake danna amincewa. A nan arewacin Kamaru ma akwai ƙari: yankewar wuta a tsakiyar sabuntawa da ƙarewar data a tsakiyar saukewa sun fi kuskuren mutanen Debian kawo mini na'urori shago.

Hanyar da fakiti yake bi

Ian Murdock ya kafa Debian a 1993, amma reshen testing sai a 2000 aka ƙirƙiro shi. Duk sabon fakiti, wato ƙunshin manhaja da ake girkawa, yana fara sauka ne a reshen unstable, wadda ake kira sid. Daga can wata manhaja mai suna britney take duba shi ta ga ko ya isa ya ƙetara zuwa testing. Sharuɗɗanta sanannu ne: ya kwana wasu kwanaki a sid, yawanci 5, na gaggawa 2, wanda ba a sauri da shi 10, an gina shi a kan dukkan nau'o'in na'urorin da aka saba gina shi dominsu, bai zo da wani sabon babban kuskure ba, kuma duk fakitocin da yake dogaro da su suna nan a testing ko za su shiga tare da shi. Wanda ya ci gwajinsa na kai-tsaye ana rage masa kwanakin jira.

Britney kamar shingen bincike ce a hanyar Marwa: takardu take dubawa, ba ta duba lafiyar birki. Idan a cikin kwanakin nan biyar ba a samu mai irin firintarka da ya kai ƙara ba, fakitin zai wuce da kuskurensa, kai ne za ka fara gano shi. Kuma gyaran ma sai ya bi layi ɗaya, ya kwana a sid, ya jira 'yan'uwansa. Shi ya sa wasu tsofaffin hannu suke cewa sid ta fi: ɓarna tana zuwa da wuri, gyara ma haka. Ban ce ƙarya suke ba, sai dai ba su san kuɗin mega a nan ba. Rumbun Debian sau huɗu yake sabuntuwa a rana, mai sid kullum cikin saukewa yake, kuma shi ne farkon wanda kowace matsala take samu. Ga irinmu testing ta fi sauƙin riƙo.

Akwai kuma lokacin shiga. Debian takan fitar da stable kusan duk shekara biyu: bullseye a 2021, bookworm a watan Yuni 2023, trixie ranar 9 ga Agusta 2025. Wadda take testing yanzu sunanta forky. Watanni kafin fitarwa ana daskarar da testing a hankali. Ta trixie an fara ranar 15 ga Maris 2025, aka ƙara matsewa a Afrilu da Mayu, aka rufe ƙofa gaba ɗaya a ƙarshen Yuli. A wannan tsakanin testing lafiyayya ce ƙwarai, kusan stable ce. Makonnin da suke biyo bayan fitarwa kuwa su ne na hargitsi, domin duk abin da aka tare wata da watanni a lokaci guda yake kwararowa. Kada sabon shiga ya fara a wannan lokacin.

Kafin ka taɓa komai

Ka fara tabbatarwa kana bukatarta. Da yawa cikin masu zuwa wurina abu ɗaya suke nema, ko sabon kanel, wato zuciyar tsarin mai magana da sassan na'ura, domin katin Wi-Fi, ko sabon LibreOffice. Wannan backports take yi: fakitocin testing da aka sake ginawa domin su zauna a kan stable. Ka ƙara trixie-backports a jerin rumbunan da apt, manhajar girka fakitoci, take saukowa daga gare su, ka ɗauko abin da kake so da `apt install -t trixie-backports` da sunan fakitin, sauran na'urarka ta ci gaba da samun kulawar masu tsaro. Bookworm da kanel 6.1 ta zo, trixie da 6.12, kuma wannan ya isa yawancin kwamfutocin hannu-na-biyu da ake hawo mana da su daga Duwala ko ake shigo da su ta Mubi. In tsohuwa ce ƙwarai mai 32-bit, ka manta da maganar baki ɗaya: tun daga trixie babu kanel ko manhajar girkawa dominta.

In ka ƙudura, ka girka stable tukuna, ka raba `/home` a nata ɓangaren faifai daban da na tsarin. Wannan rabon shi zai sa in abu ya ƙi gyaruwa ka sake girkawa ba ka rasa takarda ko ɗaya ba. Ka bar filashin da ka girka da shi a aljihun jaka, kada ka goge shi ka zuba waƙoƙi.

Sannan ka buɗe `/etc/apt/sources.list`, ko `/etc/apt/sources.list.d/debian.sources` in sabon salo kake da shi, ka canza trixie zuwa forky a ko'ina, ka cire layin backports. Za ka iya rubuta testing a maimakon forky, amma ba ɗaya ba ne. In ka rubuta testing, ranar da aka fitar da forky kai ba za ka tsaya ba, za ka zarce cikin sabuwar testing a daidai makonnin hargitsin da na faɗa. In ka rubuta forky, kana tare da ita har ta zama stable, daga nan ka yi shawara a natse. Sunan nake rubutawa a koyaushe.

Abubuwa huɗu nake girkawa kafin sabuntawar farko:

`apt install apt-listbugs apt-listchanges timeshift tmux`

Na farko yana tambayar rumbun ƙorafin Debian kafin a girka kowane fakiti, ya nuna maka in an kai ƙarar babban kuskure a kansa. Na biyu yana karanto maka sanarwar da masu kula da fakiti suka ga ya wajaba ka sani. Timeshift yana ɗaukar kwafin tsarin domin komawa baya. Ka zaɓi salon rsync, domin rabon Btrfs da manhajar girka Debian take yi bai dace da wanda timeshift yake nema ba sai ka gyara da hannu. Ka sani kuma tsarin kawai yake adanawa, hotunanka da takardunka sai ka kwafe su da kanka a wani faifai. Tmux kuwa domin ko allon aiki ya mutu ana cikin sabuntawa, aikin ya ci gaba a bayan fage.

Saura saiti biyu. Umarnin `apt` yakan share fakitocin da ya sauke da zarar ya gama girka su, mu kuma muna son su zauna, domin su ne abin komawa in sabo ya zo da matsala, kuma kuɗinmu muka sa muka sauke su. Ka ƙirƙiri fayil a cikin `/etc/apt/apt.conf.d/` ka rubuta:

`Binary::apt::APT::Keep-Downloaded-Packages "true";`

Na biyu, in akwai unattended-upgrades, mai sabunta fakitoci ba tare da ya tambaye ka ba, a na'urar ka kashe shi, haka nan duk wata manhaja mai sabuntawa da kanta. A stable alheri ce. A testing ba a barin na'ura ta yanke shawara alhali kana barci.

Ranar sabuntawa

Ni na raba aikin gida biyu, saukewa daban, girkawa daban, kuma wannan rabon ne ya fi komai amfani a garinmu. Wutar arewa yawancinta daga madatsar Lagdo take zuwa, kuma kowa ya san yadda take in ruwan Binuwai ya ja baya a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40. Saukewa in ta yanke ba komai, apt zai ɗora daga inda ya tsaya. Girkawa in ta yanke ita ce matsala.

Da dare, lokacin da layi ya sake kuma data ta fi araha, sai in yi:

`apt update`
`apt -d full-upgrade`

Wannan `-d` ɗin yana nufin sauke kawai, kada ka girka. Idan `apt update` ya ƙi, yana cewa fayil ɗin Release bai fara aiki ba tukuna, kada ka zargi Debian, duba agogon na'urar. Tsofaffin kwamfutoci ƙaramin batirin cikinsu yakan mutu, da an ɗauke wuta agogo ya koma shekarun baya, sai apt ya ga kamar takardar daga gobe ta zo. Ka gyara lokaci, ka sayi batirin CR2032 a wurin masu agogo a babbar kasuwa.

Da safe, in kwamfutar cinya ce sai batir ya cika. In ta tebur ce sai tana kan akwatin riƙe wuta mai batir mai rai, ba irin wanda yake kuka minti ɗaya ya mutu ba. Da rana tsaka ba na girka manyan abubuwa a lokacin zafi, saboda gina direbobi yakan sa fanka ta haukace, na'ura mai ƙura a ciki ta kashe kanta. Daga nan:

`timeshift --create`
`tmux`
`apt upgrade`

`apt upgrade` ba ya cire komai. Duk abin da sabunta shi zai jawo cire wani fakiti, yakan bar shi a gefe ya gaya maka. Bayan ya gama ne ake zuwa `apt full-upgrade`, wanda aka ba shi izinin cirewa, kuma a nan ne amincin testing yake, a cikin daƙiƙun da kake karanta allo kafin ka danna. Sabon apt na 3.0 ya sauƙaƙa, yana jera abin da zai cire a ƙasa da jan rubutu. Ka karanta jan nan layi-layi.

Ba duk cirewa ce ɓarna ba. A farkon 2024 Debian ta yi wani babban sauyi domin kauce wa matsalar agogo ta shekarar 2038, aka sake wa ɗimbin fakitoci suna da ƙarin t64 a ƙarshe. A lokacin za ka ga apt zai cire `libssl3`, a sama kuma zai girka `libssl3t64`. Wannan musanya ce, babu laifi. Abin tsoro shi ne ka ga zai cire abin da ka san kana aiki da shi kuma babu magajinsa a jerin masu shigowa: `gnome-shell`, `xfce4`, `network-manager`, `cups`, `libreoffice`. Ma'anarsa ana tsakiyar wani sauyi, rabin fakitocin sun iso, rabi suna hanya.

Kwanakin baya yaron da yake koyon aiki a wurina ya kira ni, yatsansa a kan maɓalli.

"Maigida, ya ce zai ba mu fili a faifai. In danna?"

Na leƙa. Filin da zai bayar na manhajar zane ce da muke haɗa katunan biki da ita, da wasu fakitoci da suke rataye da ita.

"Karanta mini jan."

Ya karanta, ya kai sunan manhajar, ya janye hannunsa.

"To yaya za mu yi, Maigida?"

"Ka ce masa a'a. Mu sha shayi."

Iyakar maganin ke nan. Ka ce a'a, ka zauna da abin da `apt upgrade` ya ba ka, ka sake gwadawa bayan kwana biyu ko uku. Yawanci za ka tarar jan ya ɓace. In ya daɗe, ka shiga tracker.debian.org ka rubuta sunan fakitin, akwai wurin da ake bayyana dalilin da ya hana shi ƙetarawa. Wani lokaci za ka ga an fitar da shi daga testing ɗungurungum saboda babban kuskuren da ba a gyara ba; wanda yake na'urarka ba zai ɓace ba, amma in ka bari aka cire shi ba za ka same shi ba sai ya dawo. VirtualBox misali a sid kaɗai yake zaune, haka fakitin `firefox`. A testing `firefox-esr` ake samu.

Idan apt-listbugs ya tsayar da kai, kada ka firgita da ganin jeri. Yana nuna ƙorafi masu daraja uku, critical, grave da serious, kuma da yawansu ba su shafe ka ba: wani a kan nau'in na'urar da ba ka da ita ne, wani kan gazawar gina fakitin ne, ba aikinsa ba. Ka karanta kan maganar. In ka ga batun ƙin tashi, asarar fayiloli ko mutuwar intanet, ka danna `p`, zai tsare fakitin a tsohon zubinsa har a gyara. Ka tuna shi wannan yana bukatar intanet a lokacin girkawa, don haka ka rage 'yar data ko da ka riga ka sauke komai da dare.

Ana gamawa ka sake kunna na'urar nan take, kada ka bari sai gobe da abokin ciniki yake tsaye a kanka. Ni abin da nake gwadawa bai wuce minti biyar ba: Wi-Fi, sauti, in buga shafi ɗaya a firinta, in buɗe takarda in rubuta ƙ, ɗ, ɓ in ga ko saitin maɓallan yana nan. Masu katin Nvidia ko Wi-Fi na Broadcom su fi kowa lura, domin direbobinsu ana sake gina su ne duk lokacin da kanel ya canza, kuma nan ne aka fi samun baƙin allo. `apt autoremove` ma a karanta jerinsa kamar yadda aka karanta na farko, kuma kada a bari ya tafi da tsohon kanel sai sabon ya yi kwanaki yana aiki.

Sau nawa? Sau ɗaya a mako ya wadatar, ranar da ba ka da aikin gaggawa washegari. Kullum ɓarnar data ce. Barinta wata uku kuma tara wa kai wahala ne, domin sauye-sauye da yawa za su haɗu a rana ɗaya, in abu ya lalace ba za ka san wanne ne ba, ga saukewar da za ta haura gigabait. Mai na'urori biyu ko uku ya girka apt-cacher-ng a guda, sauran su riƙa ɗauka ta wurinta a ƙofa ta 3142, fakiti ɗaya saukewa ɗaya. Sai dai adireshin rumbun ya zama na http, domin na https ba ya ajiyuwa a tsakiya; kada wannan ya dame ka, sa hannun Debian da apt yake tantancewa shi ne yake kare fakitin daga sauyi a hanya.

Maganar tsaro, wadda ba a cika faɗa ba

Nan ne testing ta fi rauni, ba a tsayawar na'ura ba. Stable ce masu tsaron Debian suke kula da ita, shekara 3, sannan masu dogon tallafi su kai ta 5. Gyaran tsaro na testing ta sid yake biyowa kamar kowane fakiti, kuma in ya faɗa cikin wani sauyi da ya maƙale yana iya daɗewa. Sai ka ga stable ta samu gyara, sid ta samu, mai testing yana jira. Ka bar layin forky-security a jerinka, amma kada ka ɗauka yana cika kamar na stable.

Akwai kuma haɗarin zama a gaba. Ranar 29 ga Maris 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya sanar da cewa ya gano ƙofar baya da aka dasa da gangan a cikin xz, manhajar matse fayiloli, a zubi na 5.6.0 da 5.6.1. A kan Debian sid ya gano ta, bayan ya lura shiga ta SSH, hanyar shiga na'ura daga nesa, tana cin ƙarfin na'ura fiye da kima, tana jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Gurɓataccen zubin ya riga ya shiga sid da testing. Stable bai taɓa ta ba, don kawai tana kan tsohon zubi. Shi ya sa ba na ɗora testing a kan na'urar da take buɗe ga intanet ana shiga ta daga waje, ko wadda ake hada-hadar kuɗin mutane da ita.

Ga na'urar kanka, abin da ya fi muhimmanci shi ne burauza. Dabarar ita ce ka ƙara sid a jerin rumbuna amma ka ɗaure ta, da fayil a cikin `/etc/apt/preferences.d/`:

`Package: *`
`Pin: release a=unstable`
`Pin-Priority: 100`

Da wannan apt zai fifita testing, ba zai musanya fakitinta da na sid da kansa ba sai ka ce `apt install -t unstable firefox-esr`. Ka rubuta fayil ɗin ɗaurin kafin ka ƙara rumbun, in ka juya tsarin ka yi sabuntawa a tsakani ka zama ɗan sid ba shiri. Kuma nan ma ka karanta abin da zai jawo; in ka ga zai taho da rabin tsarin, ka haƙura ka jira. Haɗa testing da sid haka abu ne da aka saba. Haɗa stable da testing, ko cusa rumbunan Ubuntu a cikin Debian don wani bidiyo ya ce a yi, wannan kam kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

In ta lalace

In wuta ta yanke ana girkawa, ka kunna, ka yi `dpkg --configure -a`, sannan `apt --fix-broken install`, sannan ka maimaita sabuntawar. Mafi yawan lokuta shi ke nan.

In allon shiga ya ƙi fitowa, ka danna Ctrl da Alt da F3, za ka samu wurin rubuta umarni. In ko tashi ta ƙi yi, a jerin GRUB, wanda yake fitowa da an kunna na'ura, ka shiga zaɓi na biyu ka ɗauki tsohon kanel. Masu maɓallan Faransanci su kula: a cikin GRUB na'ura tana karanta maɓallai da tsarin Amurka ne, ka danna A ta rubuta Q, M kuma ta ƙaura. Na sha ganin mutum ya yi gumi yana zaton na'ura ta haukace.

Da ka samu shiga, ka buɗe `/var/log/apt/history.log`. A ƙarshensa akwai duk abin da aka canza, da tsohon zubi da sabo. Ka nemo wanda kake zargi, ka duba `/var/cache/apt/archives/` ko tsohon yana nan, ka mayar da shi da `apt install` da cikakkiyar hanyar fayil ɗin, sannan `apt-mark hold` da sunansa domin kada ya sake sabuntuwa. In babu shi a wurinka, snapshot.debian.org tana ajiye tsofaffin zubin fakitocin Debian tun daga 2005. Ka rubuta abin da ka tsare a takarda ka manna a jikin na'urar, ko ka riƙa duba `apt-mark showhold`, domin fakitin da aka tsare aka manta da shi yakan zama sanadin wata rikitar bayan watanni. In abin ya fi fakiti ɗaya ko biyu, kada ka ɓata yininka, `timeshift --restore` ka koma jiya. In ba ta tashi sam, ka tashe ta da filash ka mayar daga can.

Mai na'urar da take magana da Faransanci, in zai nemi bayanin wani saƙon kuskure, ya sa `LC_ALL=C` a gaban umarnin domin saƙon ya fito da Turanci, an fi samun amsa da shi. In kuma ka tabbatar kuskuren na fakitin ne kuma ba wanda ya kai ƙara, `reportbug` zai tattara bayanan na'urarka ya shirya wasiƙar. Turanci kaɗan ya isa: abin da ka yi, abin da ka zata, abin da ya faru. Irin tsofaffin firintoci da katunan da muke aiki da su a nan, da wuya wani a Turai yana gwada su, ƙararka tana iya zama ita kaɗai, kuma babban kuskuren da aka tabbatar yana hana forky fita da shi.

Saura hanyar fita, domin wasu sukan gaji. Debian ba ta tallafa wa komawa daga testing zuwa stable. Ana iya tilasta apt ya yi, amma fayilolin saiti da rumbunan bayanai da sababbin manhajoji suka riga suka sauya ba sa komawa da kansu. Hanya biyu ce mai tsabta. Ko ka zauna a kan forky har ta zama stable, ko ka sake girka trixie a ɓangaren tsarin ka bar `/home` yadda take. In ta biyun ka zaɓa, kafin ka goge ka yi `apt-mark showmanual` ka adana jerin a filash domin ka san abin da za ka mayar, ka kuma kwafe `/etc`. Burauza da manhajar wasiƙu suna iya ƙin buɗe bayanan da sabon zubi ya taɓa, don haka ka fitar da kalmomin sirrinka da adiresoshin da ka adana tun kana cikin testing.